Daga Leƙen Talauci Zuwa Ɗanɗanon Girki: Waiwaye a Unguwar Baƙi ta New York

A shekarar 1842, marubucin nan na Ingila Charles Dickens ya ziyarci New York, ya nemi a kai shi Five Points, unguwar da ta fi kowace ƙaurin suna a birnin a wancan zamani. Bai yarda ya shiga shi kaɗai ba. 'Yan sanda biyu ne suka sa shi a tsakiya, suka bi da shi lungu-lungu cikin dare, ana tura ƙofofin mutane, ana haska masa ɗakunan da 'yan Ailan da baƙaƙen fata ke kwance a cunkushe. Ya koma gida ya zuba abin da ya gani a littafinsa American Notes, masu hali suka karanta suna yamutsa fuska. Ba ci ya kai shi ba, kallo ya kai shi, kuma ba wanda ya nemi izinin waɗanda aka je kallon.

Yau, tafiyar 'yan mintuna daga inda Five Points take a da, za ka ga ayarin mutum goma ko goma sha biyar suna biye da wani matashi ko matashiya, kowa da 'yar takarda mai maiƙo a hannu. Kuɗi suka biya a zaga da su na awa biyu ko uku, a tsaya a ƙofar shago, a ba su labarin wanda ya kafa shi, a miƙo musu loma. Unguwar ita ce Lower East Side, a kudu maso gabashin tsibirin Manhattan, tare da maƙwabtanta Chinatown da Little Italy. Al'adar zagawa da masu ziyara a nan ta haura shekara 180, kuma ta sauya kama sau da dama kafin abinci ya zama ginshiƙinta.

Abin da ya mai da wurin masaukin baƙi ba boyayye ba ne: yana kusa da tashar jiragen ruwa, yana kusa da aiki, haya kuma da sauƙi. Daga 1855 zuwa 1890 a Castle Garden ake tantance masu shigowa, daga 1892 kuma aka koma tsibirin Ellis, wanda fiye da mutum miliyan 12 suka bi ta cikinsa kafin a rufe shi a 1954. Wanda ya fito da ƙullin kayansa, ba kuɗin jirgin ƙasa zuwa cikin Amurka, sai ya taka da ƙafa zuwa inda ya ji ana yarensu. 'Yan Ailan da yunwar shekarun 1840 ta koro su ne suka fara cika wurin. Jamusawa suka biyo baya da yawan da ya sa a wajen 1855, in ka cire Viyana da Balin, ba birnin da ya kai New York yawan masu jin Jamusanci.

Akwai gida guda da ya kamata mu tsaya a kansa, domin shi ne daga baya ya juya akalar labarin gaba ɗaya. Lamba 97 a titin Orchard. Wani tela Bajamushe mai suna Lukas Glockner ya gina shi a 1863, bene mai hawa biyar, kowane hawa an yanka shi gida huɗu, kowane gida ɗaki uku ne a jere kamar taragon jirgi: falo, kicin, sai ƙuryar kwana. Falon kaɗai ke da tagar da ke kallon waje. Babu famfo, babu bayan gida a ciki. Matar da ke hawa na biyar sai ta sauko tsakar gida ta baya ta ɗebi ruwa a bokiti, ta hau da shi ta matakalar katako mai duhu, ta dafa abinci a murhun gawayin kwal, sannan ta sake saukowa da ruwan wanke-wanke. A ƙasan ginin, John Schneider da matarsa Caroline sun riƙe mashaya daga 1864 zuwa 1886. Wanda ya sayi abin sha ana ba shi abincin rana kyauta, Caroline ce ke girkawa a ɗan kicin ɗin baya. A irin waɗannan wurare Jamusawa ke taron ƙungiya, su nema wa sabon zuwa aiki, su yi karo-karon kuɗin jana'iza. A bene kuwa akwai Nathalie Gumpertz, wadda mijinta ya fita aiki wata safiya a 1874 bai sake dawowa ba, ta koma ɗinki ta riƙe 'ya'yanta.

Unguwar Jamusawa ta riga ta fara watsewa sa'ad da masifa ta ƙarasa ta. Ran 15 ga Yuni 1904, jirgin ruwa mai suna General Slocum ya kama da wuta ɗauke da 'yan cocin St. Mark's na Jamusawan unguwar da za su yawon shaƙatawa. Fiye da mutum 1,000 suka mutu, akasari mata da yara. Waɗanda suka rage ba su iya ci gaba da zama a titunan ba, suka ƙaura.

Kafin nan ɗakunan sun riga sun sami sababbin masu haya. Bayan kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu a 1881, aka shiga far wa Yahudawa a garuruwan daular, kuma daga lokacin zuwa 1924 kusan miliyan 2 daga gabashin Turai suka tsallaka Amurka. A wajen 1910 mazauna Lower East Side sun haura 500,000, cunkoson da ba a cika samun irinsa a duniya ba a lokacin. Mutanen kudancin Italiya kuma suka mamaye titin Mulberry da kewayensa, kowane ƙauye da layinsa.

Yawancin abincin da ake kai masu ziyara su ɗanɗana yau a wannan zamani aka haife shi, kuma ba a cikin shago ba, a kan amalanke. Mutumin da bai iya Turanci ba, ba jari, zai iya hayar amalanken turawa na kwana guda da 'yan sulalla, ya ɗora kifi ko albasa ko ragowar yadi, ya tsaya a titin Hester. Joel Russ ya iso daga yankin Galicia a 1907, ya fara da sayar da kifi mai gishiri daga ganga, sai a 1914 ya buɗe shago. Da ba shi da ɗa namiji, a shekarun 1930 ya shigar da 'ya'yansa mata uku cikin kasuwancin, ya rubuta Russ & Daughters a allon shagon, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Yonah Schimmel ma da amalanke ya fara, yana sayar da kinish, wato markaɗaɗɗen dankalin Turawa da aka naɗe cikin ƙullin fulawa aka gasa. Shagonsa na titin Houston yana nan tun 1910. Duk abincin mai ƙaramin ƙarfi ne: gishiri ya yi yawa don kada ya lalace, sitaci ya yi yawa don ya riƙe ciki har dare a gaban keken ɗinki.

Hatta yadda shagunan suka rabu gida biyu, addini ne ya raba su. Shari'ar Yahudawa ta hana haɗa nama da madara, don haka mai sayar da nama daban, mai kifi da cuku da man shanu daban. Wanda ya shiga Russ & Daughters yana neman nama ya yi ɓatan kai. Kuma mutanen nan ba sa wasa da farashin tukunya. A watan Mayu 1902, da naman yankan Yahudawa ya tashi daga santi 12 zuwa 18 kowace laba, matan unguwar suka ƙaurace wa mahauta, suka fasa shagunan da suka ƙi rufewa, suka watso nama kan titi suka zuba masa kananzir. An kama da dama daga cikinsu, amma kafin wata ya zagayo farashi ya sauko.

To, a duk tsawon wannan lokaci masu zuwa kallo ba su daina zuwa ba. Iri biyu ne. Akwai masu niyyar gyara, babbansu Jacob Riis, shi kansa baƙo daga Danmak da ya iso a 1870 ya ɗanɗani kwanan titi kafin ya zama ɗan jarida. Shi ne ya riƙa kutsawa ɗakunan mutane da tsakar dare da sabuwar hodar walƙiya ta ɗaukar hoto, ya ɗauke su firgigit daga barci, ya fitar da littafinsa How the Other Half Lives a 1890. Theodore Roosevelt, lokacin yana shugaban hukumar 'yan sandan birnin, ya sha bin sa zagayen dare. Aikin Riis ya yi tasiri: an rushe lungun Mulberry Bend aka mai da shi filin shaƙatawa a 1897, dokar gidajen haya ta 1901 kuma ta tilasta sa bayan gida da tagogi. Amma duk wanda ya karanta littafin zai ga raini a fili, ƙabila bayan ƙabila, kowacce da tambarin da ya manna mata. Ya tausaya musu, bai ɗauke su tsaransa ba.

Iri na biyu su ne masu neman nishaɗi, kuma su suka haifi sana'ar jagora ta kuɗi. Gwaninsu shi ne Chuck Connors, Bature mai hular kwano da surutu, wanda jaridu suka naɗa wa sarautar magajin garin Chinatown alhali ko Basine ba shi ba ne. Yakan kwaso attajirai da matansu daga arewacin birni da dare, ya ratsa da su ta titin Doyers mai lanƙwasa, yana nuna wani mai wucewa da yatsa yana raɗa musu cewa makashi ne. Daga nan ya hau da su wani ɗaki da ya kama haya, inda ya ajiye mutanen da yake biya su kwanta su yi kamar suna shan ofiyom, su yi ta layi da sambatu. Masu kallo su dafe ƙirji, su biya, su koma gida da labari. Shiri ne tsagwaronsa. Sai dai a tsakiyar wannan wasan kwaikwayo akwai abu guda na gaske: ana tsayawa a ci cop suwi, soyayyen ganye da tsiron wake da yankakken nama a kan shinkafa, wanda ya yi tashe bayan ziyarar babban jami'in ƙasar Sin Li Hongzhang a 1896. A nan ne zagaye da ci suka fara haɗuwa. Mutanen da dokar ƙasarsu ta 1882 ta haramta wa leburorin Sin shigowa, su ne ke zaune suna koyon riƙe tsinken cin abinci suna dariya.

Ita wannan doka ma, ba da niyya ba, ita ta yawaita gidajen abincin. Ta hana lebura amma ta bar ƙofa ga ɗan kasuwa, kuma a 1915 wata kotun tarayya ta amince mai babban gidan abinci ɗan kasuwa ne. Nan take Sinawa suka riƙa haɗa jari, su yi karɓa-karɓar kujerar manaja, kowa ya samu takardar da zai je gida ya ɗauko ɗan'uwa. Gidan abinci na Nom Wah da ke titin Doyers, inda ayarin masu ziyara ke tsayawa yau, a 1920 aka buɗe shi. Jagoran da ya miƙa maka faranti a wurin bai ambaci 1882 ba, rabin labari ya ba ka.

Sai aka rufe ƙofa. Dokar shige da fice ta 1924 ta yanka wa kowace ƙasa kaso bisa ƙidayar 1890, da gangan, don a rage mutanen kudanci da gabashin Turai. Italiya da ke turo kusan 200,000 a shekara aka ba ta ƙasa da 4,000. A ɗaya gefen kuma gadar Williamsburg da aka buɗe a 1903 da jirgin ƙarƙashin ƙasa sun riga sun fara kwashe duk wanda ya ɗan samu zuwa Brooklyn da Bronx. Ana fita, ba a shigowa. A 1935 mai gida lamba 97 ya lissafa kuɗin gyaran matakala da sabuwar dokar kashe gobara ta ɗora masa, ya ga ba riba, ya sallami masu haya, ya toshe benen, ya bar shagunan ƙasa kawai. Kusan mutum 7,000 daga ƙasashe fiye da 20 ne suka zauna a gidan tun gina shi.

Amalanke ma bai tsira ba, kuma wanda ya kashe shi ɗan baƙi ne. Fiorello La Guardia, magajin gari daga 1934 zuwa 1945, iyayensa daga ƙetare suka zo, shi kansa ya yi aikin tafinta a tsibirin Ellis yana saurayi. Amma ya tsani amalanke. A ganinsa ƙazanta ce, tana toshe hanyar motar kashe gobara, tana kuma kunyata birnin da ke shirin karɓar baje kolin duniya na 1939. Ya gina kasuwanni masu rufi, ciki har da ta titin Essex da aka buɗe a 1940, ya ce kowa ya shiga ciki. Rumfunan ba su isa kowa ba. Ana iya fahimtar hujjarsa, titunan sun yi tsabta. Amma matakalar farko da talaka ke takawa ya zama mai shago ita ya sare, kuma na fi zargin cewa kunyar asali ta taka rawa a ciki fiye da batun gobara.

Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Puerto Rico suka shigo, su da yake tun 1917 'yan ƙasa ne ba sa bukatar biza, daga baya 'yan Dominika suka bi su. Rumfunan Essex suka cika da agada da rogo da busasshen kifi. A 1967 hukuma ta rushe wani yanki kudu da titin Delancey da sunan sabunta birni, ta tashi iyalai fiye da 1,800, akasari 'yan Puerto Rico, da alkawarin za su dawo. Filin ya yi kusan shekara 50 yana wurin ajiye motoci. Dokar shige da fice ta 1965 kuma ta sake buɗe ƙofa ga Asiya, Chinatown ta tumbatsa ta haɗiye titunan Yahudawa da na Italiyawa, mutanen Fuzhou suka kafa tasu duniyar a East Broadway. A shekarun 1970 da 1980 unguwar ta yi suna da ƙwaya da gine-ginen da aka ƙone, ba mai biyan kuɗi a kai shi.

Abin da ya dawo da masu ziyara shi ne kewa. Jikokin waɗanda suka gudu daga ɗakunan nan sun yi karatu, sun yi kuɗi, sun fara tambayar daga ina kakanninsu suka fito. Fim ɗin Hester Street ya fito a 1975, littafin Irving Howe kan Yahudawan unguwar a 1976, shirin Roots a talabijin a 1977 ya sa kowane Ba'amurke neman saiwarsa. A 1988 wasu mata biyu, Ruth Abram da Anita Jacobson, suna neman wurin da za su kafa gidan tarihin masu haya, suka faɗa lamba 97. Benen yana nan yadda aka bar shi shekara 53 da suka wuce, takardar bango a kan takardar bango, ƙura ta rufe komai. Suka bi takardun ƙidaya da na kotu da na zaɓe, suka gano sunayen mutanen da suka zauna a kowane ɗaki, suka nemo zuriyarsu. Josephine Baldizzi, wadda ta tashi a gidan tare da iyayenta 'yan Sisili har zuwa korar 1935, ta dawo ta nuna inda mahaifiyarta ke ajiye kowane abu, kuma muryarta ce mai ziyara ke ji a kicin ɗin. A wannan karon, mutumin unguwar ne ke ba da labarin kansa, da sunansa.

A 1991 wasu ɗaliban tarihi biyu na Jami'ar Columbia, Seth Kamil da Ed O'Donnell, suka kafa Big Onion, kamfanin zagaye da ƙafa wanda jagororinsa ɗaliban digiri na gaba ne. Zagayensu na cin abincin ƙabilu daban-daban ya zama samfurin da ake kwaikwayo: soyayyar agada a wajen 'yan Dominika, kokwamba mai tsami a wajen Yahudawa, cuku a wajen Italiyawa, sannan a ƙare a Chinatown, kowace loma da shekararta da dokar da ta kawo masu ita. Gidan tarihin ma ya fito da nasa zagayen na abinci, littafin Jane Ziegelman mai suna 97 Orchard kuma ya bi tukwanen iyalai biyar na gidan a 2010. Intanet ta zo ta ninka kamfanonin. Birnin yana bukatar jagora ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi, amma lasisi ba ya hana ƙarin gishiri.

In ayari ya isa gidan abinci na Katz's, wanda ke lissafa farkonsa daga 1888, a bakin ƙofa za a miƙa wa kowa ɗan tikiti. A kansa ake rubuta abin da ka ci, kuma in ka yar da shi tarar dala 50 ce ko da ruwa ba ka sha ba. Ka bi layi zuwa gaban mai yanka, ya zaro curin fastarami yana tururi, naman sa ne da ya yi makonni a ruwan gishiri, aka shafe shi da barkono da kayan ƙamshi, aka yi masa hayaƙi, aka turara. Da wuƙa yake yankawa, ba inji, kuma kafin ya haɗa maka cikin burodi sai ya tura maka yanki guda a ƙaramin faranti ka ɗanɗana. Rabin masu layin ba tarihin baƙi ya kawo su ba, teburin da aka ɗauki wani fim na 1989 suke nema. A gidan burodi na Kossar's kuwa, wanda aka kafa a 1936, za a ba ka biyali, ɗan zagayayyen burodi mai loɓawa a tsaka da soyayyar albasa a ciki. Daga garin Bialystok na Polan ya zo. 'Yan Nazi sun ƙarar da Yahudawan garin, kuma da marubuciya Mimi Sheraton ta je can neman burodin a shekarun 1990, ba ta sami mai gasa shi ba. Burodin ya rayu a titin Grand, masu shi sun ƙare a gida. Jagora nagari yakan faɗi wannan kafin a kai loma baki, kuma ayarin kan yi tsit.

Wannan ci gaba ne na gaske in aka gwada da zamanin Connors, ba na musu. Amma akwai abin da ke damuna a tsarin. Ana fara kai mutane cin abincin ƙabila ne bayan ƙabilar ta tashi. Binciken hukumar ƙidaya da aka fitar a ƙarshen 2010 bai sami ko mutum guda haifaffen Italiya ba a Little Italy, amma titin Mulberry cike yake da tutocin Italiya da masu kiran ciniki a ƙofar gidajen taliya. Titin Essex da ya yi suna da gangunan kokwamba ya wayi gari sai ɗaiɗaiku, shagon kokwamba na Guss' ma ya ƙaura Brooklyn a 2009. Masana'antar burodin Idin Ƙetarewa ta Streit's, wadda ke titin Rivington tun 1925, ta rufe a 2015, gidajen masu kuɗi suka hau filin. Kasuwar Essex ta koma sabon gini mai gilashi a 2019, a kan filin nan da aka kori 'yan Puerto Rico. Jing Fong, zauren cin abincin Sinawa mai kujera 800, ya rufe babban zaurensa a 2021 bayan annobar korona ya koma ƙaramin wuri. Zagayen yana kawo wa tsofaffin shaguna ciniki, gaskiya ne, wasu ma da shi suke numfashi. Sai dai shi ne kuma ke tallata unguwar ga mai iya biyan hayar da maƙwabcin shagon ba zai iya ba. Ko gidan tarihin bai kuɓuta daga wannan ba: a farkon shekarun 2000 ya nemi hukuma ta karɓe masa ginin da ke maƙwabtaka da shi don faɗaɗawa, alhali da masu haya a ciki, sai da surutu ya yi yawa aka janye. Ya gyara ta wata fuskar daga baya, a 2017 ya buɗe ɗakuna a lamba 103 da ke ba da labarin iyalin Sinawa da na Puerto Rico da na waɗanda suka tsira daga kisan Nazi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan al'amari, domin shi ma mai zango ne. A Nima ta Accra, a zangon Kumasi, a Sabo ta Ibadan, ɗan gari ya daɗe yana layin tsire da koko a wajen wanda yake kira baƙo, kuma hakan bai hana korar baƙi daga Ghana a 1969 ba, bai hana Najeriya ta yi tata a 1983 ba. Son girkin mutum daban, yarda da zamansa daban.

Baƙon yau a New York yana nan, sai dai ba kasafai ake tsayawa a gabansa ba. Shi ne ke wanke tukwane a bayan shagon da ke da hoton kakan wani a bango. Shi ne ke wucewa a keken lantarki da jakar abinci a baya, yana ratsa ayarin masu ziyara. Amalanken da La Guardia ya kora ya dawo da ƙarfe da tukunyar gas, a hannun Misirawa da 'yan Bangaladash da Afganawa, ana sayar da kaza da shinkafa na halal. Masu amalanken Halal Guys, da wasu Misirawa suka fara a 1990 a tsakiyar Manhattan, direbobin tasi Musulmi ne suka ɗaga su. Tun 1983 birnin ya ƙayyade izinin amalanken abinci a kusan 3,000, har takardar da hukuma ke bayarwa kan dala 200 ta koma ana hayarta a bayan fage kusan dala 20,000, sai a 2021 aka yi dokar ƙara yawanta a hankali. A hunturun 2023 zuwa 2024 kuma, samari daga Gini da Senegal da Muritaniya sun yi ta dogon layi cikin sanyi a ƙofar tsohuwar makarantar St. Brigid, gefen filin Tompkins, suna jiran a sake ba su gadon kwana. Cocin da makarantar ke jingine da shi, 'yan Ailan da suka gudo daga yunwa ne suka gina shi a 1848. Ba na shakkar cewa wata rana za a zaga da jikokin wasu a nuna musu wannan ƙofa, a ba su shinkafa da miyar gyaɗa a ƙaramin kofi.

In Allah ya kai ka, mai karatu, ka yi zagayen, ya cancanci kuɗinsa. Ka dai yi tambaya kafin ka kai hannu: yawancin 'yan ƙullin Chinatown da naman alade ake cusa su, naman Katz's kuma na sa ne amma ba yankan halal ba ne, ba ma na shari'ar Yahudawa ba. Kifin Russ & Daughters da kinish na dankali da kokwamba ba su da wannan matsala. Ka zaɓi jagoran da ke ambaton dokoki da kuɗin haya, ka tambaye shi su wa ke zaune a benen da ke saman shagon yanzu. Gida lamba 97 kuwa ba a shigarsa sai da jagoran gidan tarihin, kuma gurbi kan cika da wuri, don haka ka sayi tikiti tun kafin ranar.